Fashin Baƙi: Wa Ke Ceton Wa a Soyayyar Fina-finan Katun?

Shin fim ɗin katun da ke nuna yarima ya taho a kan doki ya ceci gimbiya yana koya wa yarinya ta naɗe hannu ta jira mai ceto ne, ko kuwa tatsuniya ce kawai da manya suka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta? Tambayar ta daɗe tana yawo, amma ta sake ɗaukar zafi a watan Maris na 2025, lokacin da kamfanin Disney na Amurka ya saki sabon Snow White, wanda 'yan wasa na zahiri suka fito a cikinsa a maimakon zane. Tun kafin ya fito ake ta cacar baki a kansa, domin jarumar fim ɗin, Rachel Zegler, ta faɗa a wata hira a 2022 cewa wannan karon ba yarima ne zai ceci yarinyar ba, kuma shugabanci take hange, ba mafarkin masoyi ba. Wasu suka yaba mata, wasu suka ce ta raina labarin da suka tashi da shi. Da fim ɗin ya kasa yin kasuwa, masu adawa da shi suka ce ai ga hujja nan, mutane sun gaji da wa'azin daidaito a cikin nishaɗin yara.

Kafin wannan, a 2018, 'yar fim ɗin Ingila Keira Knightley ta ce ta hana 'yarta kallon Cinderella da The Little Mermaid. Ita kuma Kristen Bell, wadda ta ba da muryar Anna a Frozen, ta ce takan tambayi 'ya'yanta ko ba su ga aibu ba a yadda yarima ya sumbaci Snow White tana kwance ba ta san inda take ba.

A ganina ɓangarorin biyu da mudu ɗaya suke awo, kuma mudun a huje yake. Duka suna duba ko an ɗaura aure a ƙarshen fim, ko yarinyar ta riƙe takobi. Maganar tana can cikin soyayyar kanta: wa ke da zaɓi, wa ya bar nasa don ɗayan, wa ya sauya hali, wa aka bari ya yi magana.

Me ake nufi da rawar jinsi da daidaito?

Idan masana suka ce rawar jinsi, suna nufin ayyuka da halayen da al'umma ke ware wa mutum don kawai an haife shi namiji ko mace: wannan shi ke nema, waccan ita ke jira, wannan ba ya kuka, waccan ba ta ɗaga murya. Kowace al'umma da nata rabon, kuma rabon yana sauyawa da zamani. Daidaito a cikin labarin soyayya kuwa ba ya nufin mace ta koma namiji ko namiji ya koma mace. Ma'anarsa a zana mutum biyu cikakku, kowanne da burinsa, da ra'ayinsa, da ikon cewa na yarda ko ban yarda ba, kuma nauyin soyayyar kada ya sauka a wuyan ɗaya shi kaɗai.

To me ya sa katun ya fi sauran fina-finai jawo wannan muhawara? Saboda a katun babu abin da ke shigowa da tsautsayi. Ɗan wasa na zahiri yana zuwa da fuskar da Allah ya ba shi. Ita kuwa gimbiyar zane, girman idonta, sirantar ƙugunta, yadda take sunkuyar da kai, duk wani ne ya zauna ya yanke shawara ya zana. Ga shi kuma yara ba sa kallon fim sau ɗaya su bari. Sukan maimaita har su haddace waƙoƙinsa, a shekarun da suke fara tambayar kansu me ake nufi da zama yaro ko yarinya.

Gimbiyoyin farko da mutanen da suka zana su

Fina-finai uku ne suka kafa hoton da ake gardama a kansa har yau: Snow White a 1937, Cinderella a 1950, da Sleeping Beauty a 1959. Duka tsoffin tatsuniyoyin Turai ne, daga rubutun Charles Perrault na Faransa a 1697 da na 'yan'uwan nan Grimm na Jamus da suka fara buga tarinsu a 1812. A duka ukun yarinyar kyakkyawa ce, mai haƙuri, mai kirki, kuma mafitarta tana hannun wani. Snow White da ta tsere daga mai son kashe ta, abu na farko da ta yi a gidan wadanni bakwai shi ne shara da wanke-wanke. Aurora ta Sleeping Beauty, wadda fim ɗin labarinta ne, ba ta cika minti 20 a kan allo ba a fim mai minti 75.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da sumbar nan da ake faɗa a kanta. A tatsuniyar Grimm babu ita. Akwatin da aka sa Snow White ne ya girgiza a hanya, gutsuren tuffar da ya maƙale mata a wuya ya fito, ta farka. Disney ne ya ƙara sumbar. Don haka mai cewa kada a taɓa labarin asali, labarin da yake karewa ma an riga an taɓa shi.

Wani abin lura shi ne inda aka ajiye mace mai iko. Sarauniyar da ke kishin Snow White, matar uban Cinderella, matsafiya Maleficent: duk macen da ke da tsari, da buri, da murya mai ƙarfi, ita ce muguwa. Mai kirki kuwa yarinya ce ƙarama da ba ta neman komai sai a so ta. Wannan rabon ya fi sumbar yin tasiri a wurina, domin yana gaya wa yaro cewa iko a hannun mace alamar sharri ne.

Su ma mazan ba su tsira ba. Yariman Snow White ko suna ba a ba shi ba a cikin fim, ya yi waƙa a farko, ya dawo a ƙarshe ya ɗauki amarya. Na Cinderella ma ba shi ya fita neman mai takalmin ba, wakilin sarki aka tura. Shi ba mutum aka zana ba, lada aka zana, irin wanda ake ba yarinyar da ta yi haƙuri.

Idan aka duba waɗanda ke cikin ɗakin zanen, abin ba zai ba da mamaki ba. Akwai wata wasiƙa ta 1938 da ta yi suna, wadda kamfanin Disney ya aika wa wata budurwa mai neman shiga horon masu zane. An gaya mata cewa mata ba sa yin aikin ƙirƙira wajen shirya katun, aikin samari ne, abin da ake ba mata shi ne bin layin zane da tawada da cika shi da fenti. Sai a Bambi na 1942 Disney ya fara rubuta sunan mace, Retta Scott, a cikin masu motsa zane. Kuma ba don mata ba su iya ba ne: dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya, wanda aka ɗauko daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, wata Bajamushiya ce mai suna Lotte Reiniger ta yi shi a 1926.

Ta samu buri, amma wa ke magana?

Shekara 30 suka wuce kafin Disney ya sake yin fim ɗin gimbiya. A tsakanin nan Amurka ta sauya. An yi dokar biyan mace da namiji albashi ɗaya kan aiki ɗaya a 1963, sannan a 1974 aka hana bankuna nuna bambancin jinsi ko na aure wajen ba da bashi. Yarinyar da ta dawo a 1989, Ariel ta The Little Mermaid, ta zo da taurin kai da son sani. Masu kare ta suna da gaskiya a wuri biyu: tun kafin ta ga yarima Eric take sha'awar duniyar mutane tana tara kayansu, kuma ita ta fara ceton sa daga nutsewa. Amma a ƙirga abin da kowa ya biya. Ita ta ba da muryarta, ta bar teku, ta bar mahaifinta da 'yan'uwanta, tana da shekara 16. Shi fa? Gidansa, sarautarsa, jikinsa, duk suna nan yadda suke.

Beauty and the Beast na 1991 ya fi rikitarwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Linda Woolverton ce ta rubuta shi, mace ta farko da ta rubuta dogon katun na Disney, kuma shi ne katun na farko da ya shiga takarar kyautar Oscar ta fim mafi kyau. Belle mai karatu ce, ta ƙi Gaston, kyakkyawan saurayin gari da ke ganin ita haƙƙinsa ce. Wannan babban juyi ne, a ce kyakkyawan namiji mai ƙarfi shi ne mugun labari. Amma masu suka suna tambaya: yarinyar da dodo ya kulle a fadarsa, yana mata tsawa yana fasa kaya, daga baya ta so shi, me hakan ke gaya wa macen da ke zaune da mai azabtar da ita? Ba cewa ake yi ta ƙara haƙuri zai gyaru ba? Masu kare fim ɗin sukan amsa cewa Belle ba ta sassauta masa ba sai da shi ya fara sauyawa, kuma ba ta furta so ba sai bayan ya buɗe mata ƙofa ta tafi, ta dawo da ƙafarta. Ni na fi karkata ga wannan amsa, domin sakin da ya yi mata shi ne ƙashin bayan labarin. Sai dai damuwar masu sukar ba ta banza ba ce, tun da yaro ɗan shekara 5 ba lalle ya riƙe wannan bambanci ba. Akwai kuma tambayar da fim ɗin bai amsa ba. An nemi mace ta duba zuciya ta ƙyale muni, amma ita sunanta ma kyau yake nufi da Faransanci. Labarin kyakkyawan yarima da ya so mummunar yarinya saboda halinta, har yau da wuya ka same shi.

Sauran na wannan zamanin suka ci gaba da faɗaɗa fili. Jasmine ta Aladdin a 1992 ta ƙi a mayar da ita kyautar gasa, har mahaifinta ya sauya dokar da ta ce sai yarima za ta aura. Mulan a 1998 ta yi shigar maza ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta, ta ceci kwamandanta da sarkin Sin, kuma fim ɗin ya ƙare babu biki, saurayin ya zo gidansu ne kawai aka ce ya tsaya cin abinci.

Sai ga wani bincike da ya girgiza masu ganin komai gaba yake yi. A 2016 wasu masana harshe biyu a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, suka ƙirga kalmomin da ake furtawa a fina-finan gimbiya. A tsoffin ukun mata sun yi magana daidai da maza ko fiye, har kashi 71 cikin 100 a Sleeping Beauty, inda aljanu mata uku da matsafiya ke jan labarin. Amma a The Little Mermaid maza ke da kashi 68, a Beauty and the Beast 71, a Pocahontas 76, a Mulan 77, a Aladdin kuwa 90. Dalilin shi ne an cika kewayen jarumar da maza: aboki, mashawarci, mai ban dariya, mai shago, mai gadi. Ita kaɗai ce mace a tsakiyar taro, ba ta da ƙawa, sau da yawa ba ta da uwa. Ko Frozen, labarin 'yan'uwa mata biyu, maza ke da kashi 59.

Binciken ya nuna ci gaba a wani ɓangaren. A tsoffin fina-finai fiye da rabin yabon da ake wa mace a kan kyanta ne, kashi 11 kacal a kan iyawarta. A waɗanda suka fito daga 2009 zuwa gaba, yabon iyawa ya haura na kyau.

Juya tatsuniya, sannan cire masoyin

A 2001 kamfanin DreamWorks ya fito da Shrek, wanda ya mayar da dokokin tatsuniyar abin wasa. Jarumar fim ɗin, Fiona, ta iya faɗa da kanta, kuma sumbar masoyi ba ta mayar da ita kyakkyawar gimbiya ba, dodanniya ta zauna. Bayan haka ya yi wa kowa wuya ya sake ba da tsohon labarin kai tsaye.

Fim ɗin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba a wannan magana shi ne The Princess and the Frog na 2009. Tiana, baƙar fata ta farko a jerin gimbiyoyin Disney, aiki biyu take yi a birnin New Orleans tana tara kuɗin buɗe gidan abinci. Yarima Naveen kuwa ko yanka kayan miya bai iya ba. Ita ta koya masa aiki, shi ya koya mata cewa rayuwa ba wahala ce kaɗai ba, kuma a ƙarshe burinta ne ya tsaya: tare suka gyara ginin, aka buɗe gidan abincin da sunanta. Kowa ya sauya, babu wanda aka shafe. An soki fim ɗin da cewa Tiana ta shafe mafi yawansa a siffar kwaɗo, kuma sukar tana kan hanya, amma a fannin ma'aurata biyu da suka haɗu a tsakiya, kaɗan ne suka kai shi.

A Tangled na 2010 kowanne daga cikin masoyan biyu ya yarda ya rasa abu mafi tsada don ɗayan: ita 'yancinta, shi ransa. Frozen na 2013, wanda Jennifer Lee ta rubuta kuma ta ba da umarni tare da Chris Buck, mace ta farko da ta yi hakan a dogon katun na Disney, ya fito fili ya ce ba a auren mutumin da aka haɗu da shi yau. Yariman da ya yi kama da na mafarki shi ne maci amana, aikin ƙauna ta gaskiya da ya karya sihiri kuwa ƙanwa ce ta tare wa yayarta takobi. Kristoff, saurayin da Anna ta so daga baya, ya nemi izini kafin ya sumbace ta. Fim ɗin ya tara fiye da dala biliyan ɗaya, kamfanoni suka gane cewa wannan hanya tana kawo kuɗi.

Daga nan sai aka ɗauki gajeriyar hanya. Merida ta Brave a 2012 ta ƙi masu neman aurenta, labarin ya koma tsakaninta da mahaifiyarta. Moana a 2016 ba ta da masoyi. Raya da Mirabel ta Encanto, duka a 2021, haka. Ina murna da waɗannan fina-finai, domin ba kowane labarin yarinya ne ya kamata ya ƙare da biki ba. Amma cire namiji daga labarin bai amsa tambayar yadda mace da namiji za su zauna a matsayin daidai ba, kauce mata ya yi. Idan kullum jaruma mai ƙarfi ita kaɗai take, mai so kuma kullum mai rauni ce, yarinya za ta iya fahimtar cewa dole ta zaɓi ɗaya: ko ta zama wani abu, ko a so ta. Wannan ma wani kejin ne.

Inda kuɗi ya shigo

Kada a manta waɗannan kamfanoni kasuwanci suke yi. A wajen shekarar 2000 Disney ya haɗa gimbiyoyinsa a ƙarƙashin tambari ɗaya don sayar da riguna, 'yan tsana da jakunkuna, kuma a kan kayan nan jarumtar da ke cikin fim takan ɓace. A 2013 aka sake zana Merida don kayan sayarwa, aka sirantar da ita, aka ƙara mata ƙyalƙyali, aka ɗauke bakan harbinta. Brenda Chapman, wadda ta ƙirƙiro ta, ta fito ta yi tir da hakan, jama'a ma suka yi ta sa hannu a takardar ƙorafi. Ko sunan Tangled, Rapunzel aka fara sa masa, aka sauya a lokacin da ake fargabar yara maza ba za su je kallon fim mai sunan gimbiya ba. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan fargaba, cewa yarinya za ta kalli labarin yaro amma yaro ba zai kalli na yarinya ba, shi kansa rawar jinsi ce.

Shi namijin fa?

An shafe shekaru ana gyaran gimbiya, an bar yarima a baya. Wani salo da ya yi yawa shi ne na ƙwararriyar yarinya da ke tsaye a gefe. Astrid ta How to Train Your Dragon ta fi kowa iya faɗa a cikin sa'anninta, Wyldstyle ta The Lego Movie ta fi jarumin sanin komai, amma labarin na yaron ne, shi ke zama gwarzo, ita kuma ta zama tasa. An ba ta ƙarfi, ba a ba ta labari ba.

Haka ma a jiki. Mazan katun akwai mai tumbi, mai dogon hanci, mai sanƙo, siriri, ƙato, kuma duk ana iya son su. Jaruman mata kuwa kusan fuska ɗaya ake maimaitawa: manyan idanu, ɗan ƙaramin hanci, siririn ƙugu.

Duk da haka akwai fina-finan da suka gwada zana namiji ta wata fuska. A Incredibles 2 na 2018 matar ce ta fita aiki, mijin ya zauna da yara, kuma fim ɗin bai ɓoye kishin da ya ji ba kafin ya gane nauyin renon. A Elemental na 2023 saurayin ne mai saurin kuka, budurwar mai zafin rai, kuma ba a mayar da hawayensa abin kunya ba. A Frozen na biyu, a tsakiyar haɗari, Kristoff bai karɓe ragamar daga hannun Anna ba, tambayar ta ya yi me take buƙata. Sannan ga 'yan mintocin farko na Up a 2009, inda aka nuna auren Carl da Ellie tun ƙuruciya har tsufa: aiki tare, asusu ɗaya, rashin haihuwa, jinya. Ban san wani katun da ya nuna zaman aure da gaskiya haka ba. Abin da ke min ciwo shi ne gajartarsa, da yadda sai da matar ta mutu labarin mijin ya fara.

Hanyar da wasu suka bi a Japan

Kamfanin Ghibli da Hayao Miyazaki da Isao Takahata suka kafa a 1985 ya daɗe yana zana soyayyar da ba ta cinye ɗayan masoyan. A Princess Mononoke na 1997, San da Ashitaka suna ƙaunar juna, amma a ƙarshe ita ta zauna a daji domin ba za ta iya yafe wa mutane ba, shi ya zauna a gari don sake gina shi, da alkawarin zai riƙa zuwa. Babu wanda ya bar duniyarsa. A Whisper of the Heart na 1995 yaron ya tafi Italiya koyon ƙera goge, tafiyar tasa ta zaburar da yarinyar ta gwada kanta a rubutu. So ya sa kowa ya ƙara zama kansa. A Howl's Moving Castle na 2004 jarumar ta shafe mafi yawan fim ɗin a jikin tsohuwa 'yar shekara 90, namijin ne mai damuwa da kyan gashinsa. Wannan ba ya nufin Japan ta gama da matsalar. Katun ɗinta da yawa suna zana 'yan mata don jan idon maza, kuma shi kansa Ghibli bai taɓa ba mace ragamar dogon fim ba.

Abin da kowane ɓangare ya riƙe

Masu kare tsoffin labarai suna cewa haƙuri, tausayi da kirki ba rauni ba ne, kuma son aure ba abin kunya ba ne. A nan ina tare da su ɗari bisa ɗari. Cinderella da ta tashi cikin wulaƙanci ba ta zama muguwa ba, wannan ma jarumta ce, kuma duk gyaran da ke auna darajar mace da yadda ta iya naushi ya yarda ke nan cewa halin maza ne ma'auni. Inda suka kauce shi ne ɗaukar tatsuniya kamar abin da ba ya sauyawa. Su Grimm da kansu sun gyara nasu: a bugun 1812 uwar da ta haifi Snow White ce ke son kashe ta, a bugun 1819 suka mayar da ita matar uba.

Masu neman gyara suna cewa fim ɗaya ba ya ɓata kowa, amma labari ɗaya da aka maimaita shekara da shekaru yakan zama kamar doka. Wannan ma gaskiya ne. Kuskurensu yana zuwa ne idan suka yi wa fim ɗin 1937 hukuncin yau ba tare da duba zamaninsa ba, ko suka ɗauka sauya baitin waƙa ya wadatar. A sabon The Little Mermaid na 2023 an gyara waƙar sumba don a nuna neman yarda, kuma Ariel ce ta kashe matsafiyar da ta karɓi muryarta a maimakon Eric. Gyara ne mai kyau, amma har yanzu ita ce ta bar teku.

Me wannan ke yi wa yara da gaske?

Sarah Coyne ta jami'ar Brigham Young a Amurka ta bi yara 198 'yan ƙasa da shekarun firamare, ta wallafa sakamakon a 2016. Waɗanda suka fi mu'amala da fina-finai da kayan wasan gimbiya, bayan shekara guda sun fi nuna halayen da aka saba ware wa mata. Ga 'yan mata wannan na iya nufin guje wa wasu wasanni da gwaje-gwaje, ga yara maza kuwa yana iya zama alheri, domin yana sassauta musu hoton namiji mai faɗa da sauran fina-finai ke cusa musu. Da ta sake duba yara bayan wasu shekaru, a binciken da ya fito a 2021, sai ta ga masu son gimbiya tun suna ƙanana sun fi yarda da daidaito tsakanin mata da maza, kuma sun fi amincewa cewa namiji ma yana iya nuna abin da ke ransa. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa fim ne kaɗai sila, tun da gida da makaranta da abokai duk suna da hannu. Abin da ya nuna a fili shi ne yara ba buhu ba ne da ake zuba wa kaya, kuma fim ɗaya yana iya barin alama daban a kan yara biyu.

Shi ya sa ban gamsu da hanawa ba, kamar yadda ban gamsu da miƙa wa yaro waya a tafi a bar shi ba. Yaro ɗan shekara 5 bai san tsakanin Snow White da Moana akwai shekara 79 ba. A rana ɗaya, a kan allo ɗaya suke iso masa, kuma a wurinsa duka yanzu ne. Babban da ke zaune kusa da shi ne zai iya cewa wannan tsohon labari ne, a lokacin haka ake tunani. Shi ne kuma zai iya tambaya, bayan waƙar ƙarshe: me Ariel ta bari, me Eric ya bari? Da Belle ba ta dawo ba, ta yi laifi? Me yariman yake so a rayuwarsa ban da amarya? Tambaya ta ƙarshen nan a yi wa yara maza ita musamman, domin su ma ana gaya musu wani abu a duk lokacin da aka nuna cewa aikin namiji a soyayya shi ne ya iso a kan lokaci da takobi a hannu.